Zaɓen farfela da daidaita zaman inji: Abin da mai jirgin ruwa a madatsun Kano ya kamata ya sani

Arewacin Jihar Kano ƙasar noma ce. Gona na bin gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma da wuya a yi tafiya mai nisa ba a ci karo da shuka ko gida ba. Wanda bai san yankin ba zai ɗauka babu abin da ya haɗa mutanensa da jirgin ruwa. Sai dai madatsun ruwan da aka fara ginawa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, sun sauya fuskar ƙasar. Madatsar Watari a Bagwai, da ta Thomas a yankin Dambatta da Makoɗa, da ta Wasai a Minjibir, duk sun kawo noman rani da kamun kifi. Sun kuma raba wasu ƙauyuka da kasuwanninsu da gonakinsu, har fito ya zama sana'a.

Inda ake fito kuwa, inji ya fara maye gurbin gora da filafili. Sau da yawa kuɗin injin daga birni yake fitowa: ɗan kasuwa ya saya wa ƙaninsa ya riƙa juyawa, ko ma'aikaci ya zuba ɗan abin da ya tara, ko ƙaramar hukuma ta saya wa al'umma. Tambayar da mai saye ya saba yi ita ce, "Doki nawa ne?" Tambaya ce mai kyau, amma ba ta isa ba. Inji guda, a jikin jirgi guda, yana iya yin aiki lafiya shekaru, ko ya sha mai kamar rariya ya mutu cikin watanni. Abin da ke raba biyun, a mafi yawan lokuta, shi ne farfelar da aka ɗaura masa da kuma yadda aka zaunar da shi a bayan jirgin.

Yadda farfela ke tura jirgi

Farfela ba ta da bambanci da noti mai shiga katako. Duk juyi ɗaya da noti ya yi, yana nutsawa gwargwadon tazarar zarensa. Haka farfela take yi a cikin ruwa: kunnuwanta a karkace suke, suna tura ruwa baya, jirgi kuma ya yi gaba. Bayan kowane kunne ƙarfin matsin ruwa yana ƙaruwa, gabansa kuma yana raguwa, wannan bambancin shi ne ke jan jirgin.

Tun farkon ƙirƙirarta aka gane cewa girma ba shi ne inganci ba. A shekarar 1836 mutum biyu, Francis Pettit Smith ɗan Ingila da John Ericsson ɗan Suwidin, suka yi rajistar fasahar tura jirgi da farfela. Ta Smith doguwa ce, ta katako. A wani gwaji a 1837 kusan rabinta ya karye, sai ga jirgin ya ƙara gudu maimakon ya rage. Injin da ake rataya wa a bayan ƙaramin jirgi kuwa ya bazu ne bayan Ole Evinrude ya ƙera nasa a Amurka a 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuma ya fitar da nasa na farko a 1960. Injinan Yamaha samfurin Enduro, musamman mai doki 15 da mai doki 40, suna cikin waɗanda suka fi yawa a hannun masunta da masu fito a Afirka ta Yamma.

Lambobi biyu da ke jikin farfela

Kowace farfela ta ƙwarai tana ɗauke da lambobi biyu da aka buga a jikinta, ko a gindin kunne ko a cibiyarta. Misali 9¼ x 10 a injin doki 15, ko 11⅛ x 13 a injin doki 40. Duka biyun da inci ake auna su.

Lambar farko ita ce faɗin farfela, wato faɗin da'irar da bakin kunnuwanta ke zanawa idan tana juyawa. Mai inji ba shi da zaɓi mai yawa a nan, domin gurbin da farfela ke zama a ƙasan injin ya riga ya iyakance girmanta.

Lamba ta biyu ita ce takun farfela, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take juyawa. Farfela mai lamba 13 tana da taku inci 13, mai lamba 10 kuma inci 10. A nan ne zaɓi yake, a nan ne kuma ake yawan kuskure.

Direban mota zai gane batun nan take. Mota tana da giya huɗu ko biyar: ƙaramar giya don tashi da hawa tudu da kaya, babbar giya don gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Injin jirgi giyar gaba ɗaya tak gare shi. Don haka takun farfela shi ne giyarsa, kuma da wannan giya ɗaya zai tashi, ya yi tafiya, ya ɗauki kaya. Gajeren taku kamar giya ta biyu yake: ƙarfin ja da saurin tashi, amma gudu kaɗan. Dogon taku kamar giya ta biyar yake: gudu idan jirgi ba nauyi, wahala idan an loda shi. Wanda ya ɗaura dogon taku a jirgin da ke ɗaukar buhunan albasa da babura da fasinja, tamkar direban da ya cika tirela da siminti ne ya nufi tudu da giya ta biyar.

Ma'aunin da ba ya ƙarya

Kowane inji yana da adadin juyi a minti ɗaya da kamfanin ya ce ya kamata ya kai idan aka buɗe totur gaba ɗaya. A injinan Enduro masu doki 15 da 40, adadin yana tsakanin juyi 4,500 da 5,500 a minti. Wasu injinan nasu ya bambanta, kuma yana rubuce a littafin da ke zuwa tare da injin. Ƙa'idar zaɓen farfela gaba ɗayanta ita ce wannan: farfelar da ta dace ita ce wadda ke barin inji ya shiga cikin wannan adadi, alhali jirgin na ɗauke da kayan da ya saba ɗauka.

Idan inji ya kasa kaiwa 4,500, taku ya yi masa tsawo. Yana aiki a danne, zafi na taruwa a kan fistin, man da bai gama ƙonewa ba yana barin baƙin toka a fulogi da zoben fistin, kuma mai yana tafiya ba tare da jirgi ya ƙara gudu ba. Wannan lalacewa a hankali take zuwa, shi ya sa ba a cika danganta ta da farfela ba. Sai a ce injin jabu ne, ko bakanike bai iya aiki ba.

Idan kuwa ya wuce 5,500, taku ya yi gajarta, ko farfelar ta cinye. Injin yana ihu, sassansa na juyawa fiye da abin da aka ƙera su su jure, ƙarshenta wani abu ya balle a ciki.

Gyaran yana da lissafi. A ƙiyasin da makanikan jiragen ruwa ke aiki da shi, rage taku da inci ɗaya yana ƙara juyi kimanin 150 zuwa 200 a minti, ƙara shi kuma yana rage haka. A ƙananan injina bambancin yakan zarce wannan. A ɗauka injin doki 40 ne da farfela 11⅛ x 13, an loda jirgi yadda aka saba, an buɗe totur, sai juyin ya tsaya a 4,300. Idan aka sauya zuwa 11⅝ x 11, wato aka rage inci biyu, ana sa ran ya hau zuwa 4,600 ko 4,700 ko fiye, ya shiga cikin ƙa'ida. Idan jirgin mai nauyi ne ƙwarai, akwai 11¾ x 10 da 12¼ x 9. Abin lura a jerin nan shi ne, duk lokacin da taku ya ragu faɗi yana ɗan ƙaruwa, domin jirgi mai nauyi yana buƙatar farfelar da ke kama ruwa da yawa.

Ƙananan injina ba sa zuwa da agogon ƙidayar juyi, amma ana sayar da ɗan ƙarami mai batir wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Kuɗinsa bai kai na farfela ɗaya ba. Kunne yana iya gane inji mai ihu, amma ba ya rarrabe 4,200 da 4,700. Ƙungiyar masu fito a mashigi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi agogo ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Abin da ya keɓanta da Kano

Farfelar da ke zuwa a jikin sabon inji an zaɓe ta ne don matsakaicin jirgi mara nauyi, kuma ƙarfin dokin da aka rubuta a murfin injin an auna shi ne a daidai matakin teku. Kano kuwa tana kan tudu, kusan mita 500 sama da teku. Inji yana shaƙar iska kamar yadda mutum ke yi, kuma iska tana raguwa da kauri yayin da aka hau sama. Ƙiyasin da aka sani shi ne inji na rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Ke nan injin da aka ɗauko daga Legas ya rasa kusan kashi 5 cikin 100 tun kafin a tayar da shi a Bagwai.

A kan wannan sai a ƙara zafin bazara. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kaurin mai sanyi, don haka ƙarfin ya ƙara sauka. Sannan jiragen katako suna shan ruwa su ƙara nauyi da tsufa. Waɗannan dalilai uku, tudu da zafi da nauyi, duk hanya ɗaya suke nunawa: jirgin fito a madatsun Kano ya fi buƙatar gajeren taku fiye da wanda dillali zai miƙo ba tare da tambaya ba.

Gudun takarda da gudun ruwa

Akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna abin da farfela za ta iya. Injin doki 40 na Enduro yana da giyar da ke rage juyi da rabi, wato inji ya juya sau biyu, farfela sau ɗaya. Idan inji na juyi 5,000 a minti, farfela na yin 2,500. A ninka da taku inci 13, a sami inci 32,500 a minti, wato mita 825, wanda ya kama kusan kilomita 50 a awa.

Wannan gudun takarda ne. Ruwa ba katako ba ne, farfela tana santsi a cikinsa. A jirgin roba mara nauyi da ke tashi ya hau saman ruwa, santsin yakan kama kashi 10 zuwa 20 cikin 100. A jirgin katako da aka loda kuwa yana iya wuce rabi. Kowace wayar zamani tana iya nuna gudun jirgi ta hanyar GPS, don haka mai jirgi zai iya kwatanta gudun takarda da na gaske ya ga yawan ƙarfin da ke tafiya a banza.

Dalilin wannan asara yana jikin jirgin kansa. Jirgi mai nauyi ba ya hawa saman ruwa, keta shi yake yi, kuma yana tayar da igiyar ruwa a gaba da baya. Akwai gudun da idan ya kai, sai ya zama kamar yana ƙoƙarin hawa tudun ruwan da shi da kansa ya tara. Ga jirgi mai tsawon mita 10 a kan ruwa, wannan iyaka tana wajen kilomita 14 a awa, ko da yake siririn kwalekwale yana iya ɗan zarce ta. Daga nan duk man da aka ƙara, mafi yawansa igiyar ruwa yake tayarwa, bayan jirgi ya nutse, gabansa ya ɗaga.

Wannan batu ya shafi aljihu kai tsaye. Injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai yana shan kimanin rabin lita a kowane doki a awa ɗaya idan totur na buɗe duka, wato kusan lita 20 ga mai doki 40. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ta ci gaba da hawa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta wallafa littafin jagora kan tsimin mai a ƙananan jiragen kamun kifi a 2012, kuma babbar shawararsa ita ce rage gudu. A fiton da bai wuce 'yan kilomita ba, sassauta totur yana ƙara 'yan mintuna ne kawai a tafiya, amma yana rage mai sosai. Buɗe totur duka na gwaji ne da lokacin larura. Haka kuma sayen doki 40 ga jirgin da doki 15 zai kai shi iyakar gudunsa asara ce sau biyu, a wajen saye da wajen mai.

Kunnuwa da irin ƙarfe

Mafi yawan farfelu kunne uku gare su, kuma shi ne ya fi dacewa da yawancin aiki. Mai kunne huɗu ta fi kama ruwa da riƙe jirgi mai kaya, amma tana rage juyin inji, don haka wanda ya koma gare ta yakan rage taku da inci ɗaya.

Ta fuskar ƙarfe, akwai ta alminiyom da ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ta biyun ta fi ƙarko, kunnuwanta sun fi siranta, ba sa lanƙwasa, amma kuɗinta ya ninka na alminiyom. Ƙarfinta kuma yana iya zama illa. Ruwan madatsa yana cika a ƙarshen damina, ya janye da rani har kututture da tudun yashi da duwatsu su matso kusa da sama. Idan farfelar alminiyom ta daki kututture, kunnenta ne zai lanƙwashe ko ya karye. Idan mai tauri ce, bugun yana iya wucewa zuwa sandar farfela da haƙoran giya, waɗanda gyaransu ya fi tsada nesa ba kusa ba. A ruwa irin wannan, farfelar alminiyom biyu sun fi ta ƙarfe ɗaya amfani.

Masu ƙera inji sun tanadi kariya daga irin wannan bugu. A wasu ƙananan injina akwai ɗan siririn ƙarfe da ke riƙe farfela, wanda aka yi shi don ya karye idan ta daki abu. Wanda ya maye gurbinsa da ƙusa ko guntun rodi ya cire kariyar ke nan. A manyan injina kuwa roba ce a cikin cibiyar farfela. Idan robar ta saki, inji zai riƙa ihu jirgi bai tafiya, ko da yake a ƙaramin totur yana iya rarrafawa. Hanyar ganewa ita ce a ja layi da fenti daga cibiyar ciki zuwa jikin farfela, a yi 'yar tafiya, a duba. Idan layin ya rabu biyu, robar ta tafi.

Kunnen da ya lanƙwashe ko ya gutsure yana sa inji karkarwa, karkarwar kuma tana cinye robar da ke hana ruwa shiga gidan giya. Miƙe shi da guduma ko yi masa walda ba tare da daidaita nauyin kunnuwan ba yakan bar matsalar yadda take. Araha dai ba ta ado.

Tsayin zaman inji

Farfela mai kyau ba ta aiki idan inji bai zauna daidai ba. A saman farfela akwai wani faffaɗan faifan ƙarfe da ke kwance, aikinsa hana iska saukowa daga saman ruwa. Ƙa'idar da ke cikin littattafan ƙananan injina ita ce faifan ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci ɗaya ba. Ana aunawa da miƙaƙƙen katako: a kwantar da shi a ƙasan jirgin ya leƙo baya, a ga inda ya taɓa.

Injina suna zuwa da tsawon ƙafa daban-daban: gajere don allon baya mai tsayin inci 15, dogo don mai inci 20, akwai kuma na inci 25. Yawanci ana gane su da harafin S ko L a lambar samfurin. Mai saye a birni ya kamata ya sa a auna masa tsayin allon bayan jirgin kafin ya biya kuɗi, domin wannan kuskure ba ya gyaruwa da sauya farfela.

Idan inji ya nutse da yawa, ƙafarsa na jan ruwa, gudu ya ragu, mai ya ƙaru, kuma ya fi saurin dukan ƙasa. Idan ya yi sama da yawa, farfela tana zuƙo iska, musamman a kwana ko cikin igiyar ruwa, sai a ji inji ya yi ihu jirgi ya saki. Mafi muni, ramukan da ke shan ruwan sanyaya inji suna nan ƙasa, idan suka fito sarari inji zai yi zafi.

Akwai wata matsala da ake rikita ta da zuƙo iska. Idan matsin ruwa a gaban kunne ya faɗi ƙwarai, ruwan yakan tafasa ba tare da zafi ba, ya yi ƙananan kumfa, kumfan kuma su fashe da ƙarfi a jikin ƙarfen. Alamarta ita ce ƙananan ramuka a kunne kamar gara ta ci, kuma gutsurarren baki ne ya fi jawo ta.

Karkatar inji da rabon kaya

A maƙalin inji akwai ramuka huɗu ko biyar da sandar ƙarfe da ake sokawa. Ita ke tantance karkatar injin. Idan sandar na ramin da ya fi kusa da jirgi, gaban jirgin yana dannuwa ƙasa, yana huɗar ruwa, tuƙi ya yi nauyi, ruwa kuma ya riƙa fantsamowa ciki. Idan tana ramin da ya fi nisa, gaba ya ɗaga, baya ya nutse, jirgi ya riƙa sukuwa. Abin da ake nema shi ne sandar farfela ta kwanta daidai da saman ruwa yayin da jirgi ke tafiya da kayansa. Ana farawa daga ramin tsakiya, a gwada, a matsa rami ɗaya.

Rabon kaya yana aiki tare da wannan. Nauyi ya zauna ƙasa kuma a tsakiya, dama da hagu su daidaita. Inji da tankin mai da matuƙi duk a baya suke, don haka tara buhuna a baya yana sa allon baya ya kusanci ruwa. Idan matuƙi ya sassauta totur farat ɗaya, igiyar da ke biye da jirgin tana iya hawowa ta nan.

Gwaji ya kamata ya bi tsari: ruwa a kwance, kayan da aka saba, hanya ɗaya zuwa da dawowa saboda iska, a rubuta juyi da gudu. A fara daidaita tsayi, sannan karkata, sannan farfela, kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Wanda ya sauya uku tare ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Kula ta yau da kullum

Kafin a bar gaɓa, a duba siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan inji. Shi ne shaidar cewa famfon sanyaya inji na aiki. Idan ya tsaya, a kashe inji a duba ko leda ko ciyawa irin su kainuwa da kacala sun toshe ramukan. Famfon na roba ne, tayar da inji a tudu ba ruwa yana ƙona shi cikin ƙanƙanen lokaci.

A madatsar da masunta ke zuba koma da ƙugiya, zare yakan naɗe a bayan farfela ya yanke robar gidan giya. Ya kamata a riƙa cire farfela lokaci-lokaci a share sandar a shafa mata giris. Man giya ana sauya shi bayan awa 100 na aiki ko wata shida, kuma idan ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga. Duk mai taɓa farfela ya fara cire igiyar kashe inji, ya mayar da giya firi, ya tokare kunnen da katako, ba da hannu ba.

Haɗin mai ma yana da ma'auni. Yawancin injinan nan ana haɗa kashi 50 na fetur da kashi ɗaya na baƙin mai, wato rabin lita a lita 25, kuma sabon inji yana buƙatar ninki biyu a awannin farko. Man da ya dace shi ne na injin ruwa mai alamar TC-W3, ba na mota ko na janareto ba.

Iyakar abin da farfela za ta iya

A ranar Talata, 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar Watari. Hukumar kashe gobara ta jihar ta tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 29, akasarinsu yara ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Hukumomi sun danganta hatsarin da lodin da ya wuce kima, gwamnatin jihar kuma ta dakatar da fito a wurin.

Gajeren taku yana ba inji ƙarfin jan kaya, amma bai ƙara wa jirgi ko inci ɗaya na tsayin gefe ba. Haƙiƙa a nan akwai tarko: jirgin da injinsa ya daina kuka da nauyi yana iya ruɗar matuƙi ya ƙara mutum biyar. Adadin da jirgi ke ɗauka jikinsa ne ke tantance shi, kuma ya kamata a ja layi da fenti a gefensa, wanda idan ruwa ya taɓa an daina lodi. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta daɗe tana gargaɗi kan abu uku: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin sanya rigar kariya.

Inda farfela ta shafi rai shi ne wajen sarrafa jirgi. Hadarin damina a arewa yakan zo da iska mai ƙarfi cikin 'yan mintuna. Jirgin da injinsa ke a danne ba ya amsa totur da sauri lokacin da matuƙi ke son juya gabansa ya fuskanci igiyar ruwa, wanda kuma farfelarsa ke zuƙo iska yana sakin ruwa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Jirgin da ya tsaya cak a tsakiyar madatsa yana juya gefensa ga iska, a nan ne kuma ruwa ke samun hanyar shiga.

Saboda haka wanda zai zuba kuɗi a wannan sana'a, ko jami'in da aka ɗora wa alhakin sayo wa al'umma jirgi, kasafinsa bai kammala da kuɗin inji ba. Ya haɗa da awon allon baya kafin saye, da farfela ta biyu mai gajeren taku, da noti da fil na ajiya da sifana, da agogon ƙidayar juyi, da filafili biyu, da rigar kariya ga kowane fasinja har da masu girman yara. Sannan a ware yini guda a yi gwaji a kan ruwan da jirgin zai yi aiki, da irin kayan da zai riƙa ɗauka, kafin a ɗauki fasinja na farko.